Sintiri kaɗai ba zai wadatar ba

Na karanta cewa ƙaramar hukuma da 'yan sanda sun zauna da masu unguwanni, sun yi alkawarin ƙara sintiri saboda shaye-shaye. Madalla, Allah Ya sa a cika.

Amma ni a Gusau nake, kuma bayan gidana akwai wani kango. Da an sallame Magariba yara ke cika shi, wasunsu ba su kai shekara 15 ba. Da safe kwalaben maganin tari da fankon tiramol muke sharewa, ga warin wiwi har cikin ɗaki. Mun kai ƙara, an zo an kwashe su, kwana biyu sun dawo. Mai sayar musu kuwa yana nan a shagonsa, kowa ya san shi.

Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin, to ta ina yake iso mana? Nan ya kamata NDLEA, hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, ta sa ido.

Ranka ya daɗe ciyaman, a rufe kangayen nan, a gyara fitilun lungu. Kuma a riƙa ɓoye sunan mai kai rahoto, wallahi tsoro ne ya rufe bakin iyaye da yawa.