A sanar da magada haƙƙinsu kafin a zauna sulhu

Rahotonku kan yadda ake yafe wa direbobi bayan hatsari a hanyar Bauchi zuwa Gombe ya taɓo abin da ya daɗe yana damuna, sai dai bai ce komai kan inshora ba. Yafiya halin kirki ce, amma sau da yawa dattawan tasha kan isa gidan mamaci tun ba a yi sadakar uku ba, a ce wa matarsa ƙaddara ce, a ajiye mata buhun shinkafa, ita kuwa kunya ta hana ta buɗe baki alhali ga marayu a gabanta. Shari'ar Musulunci ta wajabta diyya a kisan kuskure, kuma magada ne ke da ikon yafe ta, ba mai unguwa ko shugaban direbobi ba.

Doka ta tilasta wa mai abin hawa yin inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. Tun Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora a Najeriya ta mayar da kuɗinta naira 15,000 ga motar gida, kuma inshorar tana biyan asarar dukiya har naira miliyan 3, tana kuma biyan diyyar rauni da rasa rai. Abin takaici, wasu takardar bogi suke saya domin wuce shingen 'yan sanda, ranar hatsari kuwa babu kamfanin da ya san da su, sai nauyin ya faɗa kan direba da mai motar. Ya kamata jami'an kiyaye haɗurra su riƙa tantance takardar tun a wurin hatsarin, su kuma yi wa iyalin bayanin haƙƙinsu kafin a zauna sulhu.