Ranar da Na Kife Gidan Alhaji a Bangon Ɗakina

Duk wanda ya mallaki kyamara ya san sayenta shi ne mai sauƙin. 'Yan rakiyarta, su mariƙi mai ƙafa uku da fitilu da gilasai, su ke yashe aljihu. Ni kuwa na rantse sai dai in ƙera nawa da hannuna.

Da mariƙi na fara. A gindin kusan kowace kyamara akwai ramin noti mai faɗin rubu'in inci, girmansa ɗaya ko wane kamfani ya ƙera ta. Sai ka sami notin, ka ɗaura masa igiya, ka murɗa shi a ramin, ka take ɗaya bakin igiyar, ka ja kyamara sama har igiya ta miƙe. Rawar hannu ta ragu ke nan. Dabarar tana aiki, sai dai ba ta tuna maka tana nan. Wani tsuntsu ya tashi, na zabura zan bi shi, ƙafa ɗaya ta tafi, ɗaya tana kan igiya. Kyamara ta fizge ta daki ƙirjina, ta ɗauki hoto a hanya. Babban yatsan ƙafata ne ya fito, tas, ko alamar girgiza babu.

Wannan somin-taɓi ne. Babban aikin shi ne mayar da ɗakina gaba ɗaya kyamara. Ba sihiri a ciki: ka toshe duk wata kafar haske, ka bar huda ɗaya a taga, sai abin da ke waje ya bayyana a bangon da ke fuskantarta. Na kwashi kwalaye da baƙar leda da salatif na liƙe taga ruf, na cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, na yi huda mai faɗin kamar santimita 1. In ta yi ƙanƙanta hoto ya fi fitowa dalla-dalla amma ya yi duhu, in ta yi faɗi ya yi haske amma ya dagule.

"Maigida, ina kwalayen da na adana kayan yara a ciki?" in ji maiɗakina daga bayan ƙofa.

"Suna aikin ilimi," na ce.

"Kayan fa?"

"Suna kan gado."

Ta yi shiru irin wanda ke nufin za a dawo kan maganar.

Da farko ban ga komai ba sai duhu da gumi, don ɗakin da haske ba ya shiga iska ma ba ta shiga. Ido yana buƙatar mintoci kafin ya saba. Can sai ga shi a hankali: sararin sama shimfiɗe a ƙasan bango, titi a can sama kusa da silin, bishiya tana reto da kai ƙasa, ga kuma gidan maƙwabcina Alhaji, da ƙofarsa da katangarsa, a kife. Da launinsa, kuma yana motsi! Na kira maiɗakina. Ta daɗe a tsaye, sai ga wani mai keke ya ratsa saman bangonmu tayoyi a sama. Ta yi salati ta fita, ta ce in na gama in mayar mata da kwalayenta.

Washegari da hantsi aka yi sallama. Alhaji ne, fuska ba walwala.

"Malam, lafiya ka rufe tagarka da baƙar leda, ka bar ido ɗaya yana kallon ƙofar gidana?"

Na ga bayani a tsaye ba zai fisshe ni ba, na ce, "Alhaji, bismillah, shigo ka gani da idonka."

Na zaunar da shi a kujera na rufe ƙofa. Ya ce bai ga komai ba. Na ce ya yi haƙuri. Don in cike shirun, na shiga ba shi tarihi. Na ce masa Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayanin wannan a littafinsa Kitab al-Manazir: haske a miƙe yake tafiya, don haka wanda ya taso daga saman katanga ya bi ta huda ya sauka ƙasa, na ƙasa kuma ya haye sama.

"Shi ma maƙwabcinsa ya leƙa?" in ji Alhaji.

Ban amsa ba, na juya wajen kyamara. Na riga na girke ta a kan tulin littattafai tana kallon bango, don hasken ɗakin kaɗan ne, sai an bar idonta a buɗe sakan 30 kafin ta tara abin da zai zama hoto. A irin wannan igiya ba ta da amfani, kuma ƙirjina bai gama hucewa ba.

Sai na ji kujera ta yi ƙara. Alhaji ya fara gani. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu, har hularsa ta faɗi.

"Ikon Allah! Ƙofata ce waccan?"

A daidai lokacin ƙofar ta buɗe a saman bangona. Wani kai ya leƙo, a kife. Ya duba nan ya duba can. Sai ga babban ɗan Alhaji yana turo babur a hankali, bai tayar da shi ba. Ni kuwa na ga abin ɗauka, na danna.

"Wancan ba babur ɗina ba ne? Ai makullin yana aljihuna!"

Ya miƙe zai fita. Na riga shi bakin ƙofa na tare, don in ta buɗe haske zai wanke hoton.

"Alhaji, don girman Allah, sakan 30 kawai."

"Malam, ka kauce!"

"Saura 20, ranka ya daɗe. Hujja nake haɗa maka."

Kalmar hujja ce ta tsayar da shi. Haka muka tsaya a duhu, ni ina ƙirga, shi yana huci, muna kallon yaro ya haye babur da ƙafafu a sama, ya sulale ta kusurwar bango ya ɓace a bayan labule. Kyamara ta ce ƙyas, na buɗe ƙofa, Alhaji ya fita ko hularsa bai ɗauka ba.

Da yamma aka aiko in zo da hujja. Babur na ajiye inda yake kullum, yaro ya durƙusa yana rantsuwa ko ƙofa bai taɓa ba. Na shiga da ƙarfin gwiwa, na kunna kyamara, na juya ta kai ƙasa don gida ya tsaya daidai. Ga katanga, ga bishiya, ga ƙofa a buɗe. Babu yaro, babu babur, sai wani ɗan hazo-hazo a bakin titi.

Na shiga bayani. In aka bar idon kyamara a buɗe, abin da ya tsaya ne kawai ke zauna a hoto, mai motsi ba ya daɗewa a wuri ɗaya balle ya bar alama. Har na kawo misalin hoton da Daguerre, wani Bafaranshe daga cikin waɗanda suka fara ƙirƙiro ɗaukar hoto, ya ɗauka na wani babban titin Paris a 1838: titi cike da kekunan doki da masu tafiya, amma ya fito fayau, sai mutumin da ya tsaya ana goge masa takalmi da mai gogewar.

"Wato," in ji Alhaji a hankali, "ka tsare ni a ɗaki mai zafi ina kallo ana tafiya da babur ɗina, don ka ɗauko mini hoton katangata?"

"Amma dubi yadda ta fito, Alhaji."

"Baba, ka gani ko? Iska ce ta buɗe ƙofar," in ji yaron.

Alhaji ya ce kafin rana ta faɗi yana so ya ga tagata da labule irin na mutane. Na miƙa masa hularsa na kama hanya. Ina gab da shiga gida na ji takun mutum a bayana. Yaron ne. Ya duba hagu da dama, ya rage murya.

"Kawu, sakan nawa ka ce mutum zai tsaya kafin ya fito a ciki?"