Masu Riƙe Lasifika a Mina, Ku Gyara Farkon Magana

'Yan'uwa ɗalibai na Madina da Makka, musamman ku da ake miƙa wa lasifika a hemomin Mina da masaukan alhazai na unguwar Misfala a Makka, akwai wani aibi da ya yi mana katutu. Muna kashe jawabi tun bai tashi ba.

Mutum zai miƙe ya bubbuga abin magana, ya hura, ya jero gaisuwar shugabanni ɗaya bayan ɗaya da muƙamansu, sannan ya ce shi fa ba kowa ba ne, bai ma shirya ba. To me ya tayar da kai? Hajiyar da ta kwana a tsakuwar Muzdalifa, ƙafa a kumbure, tuni ta koma laluben maganin tari a jakarta. Hamdala da salati ba a barin su, amma jumla biyu sun wadatar. Gaisuwa guda ta game kowa: iyayena da yayyena alhazai.

Kun karanta bara'atul istihlali a darasin balaga, wato jumlar farko ta nuna inda aka dosa. Ku duba abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi a nan Mina ranar layya, shekara ta 10 bayan hijira. Tambaya ya jefa: wace rana ce wannan? Ya yi shiru har sahabbai suka zaci zai sauya mata suna. Haka ya tambayi watan, ya tambayi garin, sannan ya kawo haramcin jini da dukiya da mutunci. Shirun nan shi muke tsoro, alhali shi ke tattaro hankula.

Idan jifa za ka koyar, fara da cewa: wa zai gaya mini tsakuwa nawa zai jefa gobe? Ja numfashi uku, kada ka amsa wa kanka. Wani zai ce bakwai, wani ya ce 21, gardama ta ɗan tashi, kunnuwa sun dawo gare ka.

Gwada lasifikar kafin jama'a su zauna. Bar tazarar yatsu huɗu tsakaninta da bakinka, kuma kada ka tsaya gaban akwatin sautin, ƙara za ta yi. Sa ido kan na can baya, muryarka za ta kai musu. Larabcin da kake taƙama da shi kuwa, ajiye shi. Aya ɗaya ka kawo, ka fassara nan take. Wasan Fulani da Barebari ma kada ka buɗe da shi, ba ka san wanda ke cikin hemar ba.