Dajin da ake rubuta inda za a je

Abokan aikina a nan Niyuzilan ne suka ja ni zuwa wani tafki da ke ɓoye can cikin duwatsun Nelson Lakes a tsibirin kudu, mutanen Maori, 'yan asalin ƙasar, suna ce mai Rotomairewhenua. Mota ba ta zuwa wurin. Kwale-kwale mai inji ya tsallakar da mu tafkin Rotoroa, daga nan kuma sai a sayyada, jaka a baya, ana bin gefen kogin Sabine. Dajin duhu gare shi, gansakuka ta lulluɓe komai har jikin itatuwa, saiwoyi duk sun fito kan hanya ga santsi, ga wasu ƙananan ƙudaje masu cizo da in ka tsaya shan ruwa sai su yi maka caa a wuya da idon sawu. Amma babu maciji, babu kura, babu abin da zai biyo ka.

Tafkin ƙarami ne, amma wallahi ban taɓa ganin ruwa garai-garai haka ba. A 2011 masana suka auna suka ce ido na iya ratsa shi har kusan mita 80, saboda daga tafkin Constance yake tsatsowa ta ƙarƙashin tarin duwatsu suna tace shi. Ba a wanka, ba a wanki, ko hannu ba a so ka tsoma, don a nan Maori suke wanke ƙasusuwan mamatansu a da. Alwala ma da ruwan gorata na yi.

Toh abin da ya tsaya min a rai a ɗakin kwanan matafiya na cikin dajin ya faru. Hukumar kula da dazuka tana da irin ɗakunan nan sama da 950 a ƙasar, katako ne da katifu, ƙofar ko kwaɗo babu. Akwai littafi a ciki, kowa ya zo sai ya rubuta sunansa da inda ya dosa gobe, don in ya ɓace a san inda za a neme shi. Wata tsohuwa da ta kai sa'ar mahaifiyata, ita kaɗai ta zo, tana rubuta nata sai ta ɗago ta tambaye ni wai mu ma a ƙasarmu muna shiga daji haka? Da zuciya ɗaya ta yi tambayar, amma sai na ji kamar an soke ni.

Ni ɗan Batsari ne. Yau a wajenmu wa zai rubuta inda zai bi gobe? Ko maƙwabcinka ba ka faɗa wa ranar da za ka gona, don ba ka san kunnen da maganar za ta faɗa ba.

Na sani su ma dajinsu yana cin mutane, koguna na tafiya da su, sanyi na kashe su. Amma wannan ƙaddara ce, ba wani ne ya tare ka da bindiga ya ce a kawo miliyoyi ba. Kuma kar wani ya ce min su ne suka san darajar daji mu ba mu sani ba. Su yawon shan iska suke zuwa, abinci ma a leda suke ɗauka daga gari. Mu dajin Rugu ne ya raine mu, kanya, magarya, ɗinya, aduwa, zuma, itacen girki, saiwar magani, ga farauta da rani da karnuka da kiɗan gangi. Kakanninmu fatake a ƙafa suke zuwa har Gwanja su ɗauko goro, tafiyar watanni. Juriyar tafiya kam ba wanda zai koya mana. Ƙwace mana dajin aka yi muna ji muna gani, Rugu, Kamuku, Kuyambana, duk sun zama gidan 'yan bindiga, gwamnatoci suna ta zuwa suna wucewa da alƙawari.

'Ya'yan ƙanena an haife su ga dajin nan a bayan gari, amma ba ɗayansu da ya taɓa tsinkar kanya da hannunsa, a kasuwa ake sayo musu. Gonarmu ta bakin daji bana ma ba a shuka ta ba, ƙanen nawa ya ce ba zai sa ransa a kan buhun gero ba, ni kuma na ce ya yi daidai, zan ƙaro abin da nake turowa.