Na je bakin teku shan iska, na sha wulaƙanci

Ni dai ban san wanda ya yi mana baki ba. Shekara biyu ina zuba adashe a Gombe don in kai wa ƙanena ziyara a Alƙahira, inda yake karatu, mu ɗan leƙa bakin teku kamar sauran bayin Allah. Muka sha zaman awa shida a bas kafin muka ga Bahar Maliya. Shi ya nace sai mun je wasan zamiya a kan ruwa. Ba jirgi ke jan mutum ba, wata waya ce aka ɗora a kan dogayen turakun ƙarfe ta kewaye tafki, injin lantarki na juya ta. Ka cusa ƙafafu a allo, ka riƙe igiya, ta fizge ka da gudun kilomita 30 a awa. Har yana yi mini burga da sunan Bajamushen da ya ƙirƙiro ta a shekarun 1960, Bruno Rixen. Na ce to, mu gani.

Na miƙa wa yaron kanta fasfo. Ya ga koren bango, ya dubi kaftanina, ya dubi hulata, ya tura fasfon gefe da yatsa ɗaya kamar ya taɓa kashin kaji.

"Ka iya iyo?"

Na ce ina ɗan taɓawa.

"Mita nawa?"

Mita nawa! Wai ni da na koyi fantsama a kududdufin bayan gida lokacin damina, da bulalar Inna a kaina, za a tambaya mita nawa. Turawa uku sun wuce ta gabana, ɗaya da tumbi kamar randa, babu wanda aka auna wa mita. Aka ba su rigar ruwa da hular kwano, har da murmushi kyauta.

Na haɗiye, na miƙa katin banki. Na'ura ta ƙi. Ya sake gogawa, ta ƙi. Sai ya ɗaga katin sama, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji: "Naira? Dala muke karɓa, ustaz. In babu, kallo kyauta ne, ga benci can."

Madalla da wannan karamci! Ƙanena ya ja hannun rigata, "Yaya, don Allah ƙyale shi." Na ƙyale. Me zan ce? Ban iya iyon ba, katin kuma ya ƙi a gaban jama'a.

A kan bencin nan haushin yaron ya sake ni, na gida ya kama ni. Su tafkin haƙa shi suka yi a cikin rairayi. Mu fa? Dam ɗin Dadin Kowa na shimfiɗe a kan kogin Gongola tun shekarun 1980, ruwa iya ganinka. Ga na Balanga. Maƙwabtanmu na Bauchi ga Gubi, ga Wikki a Yankari da ruwan ɗumi garai-garai wanda Allah ya dafa da kansa. Wace makarantar gwamnati ce ta taɓa koya wa ɗan talaka iyo? Kowace damina kwalekwale na kifewa da mutane a Arewa, babu rigar ruwa ko ɗaya a ciki, sai a fito da takardar ta'aziyya a koma barci. Masu sa hannu a takardar 'ya'yansu na zamiya a Dubai, da dalar da ta mayar da adashena kuɗin cefane tun 2023. Mu ma da namu: yaro ya nufi ruwa, sai mu ce aljanu, mu ɗauko dorina.

Ƙanena ya biya wa kansa da kuɗin Masar ɗin da ke aljihunsa, ya faɗi sau huɗu kafin ya tsaya a kan allon. Ni aka bar wa gadin takalma.