Ina Zafin Da Muka Faro Da Shi?

Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan la'asar na ɗauko Alƙur'anina daga saman kabad, sai da na kaɗe ƙura. Zaren alama yana nan a tsakiyar Ali Imrana, inda na bar shi tun Shawwal. Ni ne fa na yi alkawarin izu biyu kullum har in mutu. Wallahi kunya ta kama ni, ba kowa a ɗakin.

Sai na tuna labarin da ƙanena mai karatun injiniya ya taɓa ba ni. A 1912 kamfanin Sulzer da ke Winterthur a Suwizalan, tare da Rudolf Diesel da kansa, wanda ya ƙirƙiro injin dizal, suka ƙera kan jirgin ƙasa mai shan dizal. Ƙato ne, tan 95, an yi shi don ya yi gudun kilomita 100 a awa. Amma an haɗa injin kai tsaye da ƙafafun, shi kuwa injin dizal ba ya tashi da kaya a wuyansa daga tsaye. Sai an hura masa matsattsiyar iska ya fara gangarawa kafin ya kama. Yau lalacewa, gobe gyara. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914 aka jingine shi, shi ke nan.

A 1925 wasu kamfanoni uku a Amurka suka fito da wani ɗan ƙarami kamar akwati, ƙarfin doki 300 kacal. Injinsa janareta yake juyawa, lantarki ya juya ƙafafun a hankali. Ba shi da kyan gani, aikinsa tura taragu a wata 'yar tashar jiragen kaya a unguwar Bronx ta birnin New York. Ya yi ta yi har 1957. Shekara 32!

To mu fa? Daren farko na azumi masallaci ba masaka tsinke, kafin goman tsakiya sahu uku ya rage. Hajiya ta ɗauki azumin Litinin da Alhamis, da tahajjud, da sadakar kullum, duk a mako guda, wata bai zagayo ba ta sauke su gaba ɗaya. Kai ɗan'uwa, ka shiga makarantar dare, ka sayi littattafai biyar, yanzu in ka hango malam sai ka sake hanya. Ba dariya nake muku ba, tare muke.

Manzon Allah (SAW) ya gaya mana aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Duk mun haddace. Amma kaɗan ɗin ne muke raina, saboda ba ya burge kowa, har mu kanmu.

Ni dai na dawo shafi ɗaya bayan asuba. Ɗaya tak. Don Allah ku je ku duba inda zarenku ya tsaya. Yau, kafin isha. Allah Ya ba mu tabbata, ku sa ni a addu'a.