Ba kullum gyaran ƙwayar halitta ke sauya bakteriyar hanjin ɓera ba

Ana yawan ɗauka cewa idan masana suka cire wa ɓera wata ƙwayar halitta ta gado (gene), sai bakteriyar hanjinsa ta bambanta da ta sauran, to cirewar ce sila. Ba lallai ba ne. Ɓera daga uwarsa yake gadon waɗannan bakteriya, kuma ɓerayen keji ɗaya suna cin kashin juna, sai hanjinsu ya zama kusan iri ɗaya.

A 2010 masana a Jami'ar Emory ta Amurka sun ga ɓerayen da aka cire wa ƙwayar halittar TLR5, mai taimaka wa garkuwar jiki gane bakteriya, sun yi ƙiba, suka danganta hakan da sauyin bakteriyar hanjinsu. Amma binciken 2012 a New York ya nuna bambancin bakteriyar irin waɗannan ɓeraye yawanci gadon uwa ne. Shi ya sa ake kwatanta ɓerayen da aka cire wa ƙwayar da waɗanda ba a cire wa ba a tsakanin 'yan ciki ɗaya.